Gwaggon da ta hana mijina gini

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, ƙofar gidanta ta cika da mutanen da ban yi zaton gani ba. Dangi dai dole ne, maƙwabta ma dole ne. Amma ga magina da ƙasa a ƙafafunsu, ga kafintoci, ga masu walda, ga masu haƙar rijiya daga garin Sarkin Yamma da suka ajiye aiki suka hau amalanken jaki tun da hantsi. Da yawansu ta taɓa tsayar da su a bakin aiki. Wani kafinta mai furfura, wanda na gani da idona ta sa ya cire ƙofar da ya kafa ya sake kafawa matan gida suna ta dariya, shi ya fi kowa kuka, har sai da liman ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, addu'a take buƙata.

A cikin gida mata na zaune bisa tabarmi, kowace da irin nata labarin. Wata ta ce ɗakin da take kwana Gwaggo ce ta zaɓa mata wanda ya gina shi, kuma har yau ba ta taɓa tara kwano don ruwan sama ba. Wata ta ce ita tun tana amarya tsoronta take ji. Ana cikin haka sai ga wata baƙuwa daga garin Safo ta yi sallama. Ba ta ji labarin rasuwar ba, ta zo ne a faɗa mata wanda zai yi mata rufi. Da aka gaya mata sai ta zauna ta yi salati, ta share hawaye, sannan ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali ko marigayiya ba ta bar sunan kowa ba. Sai da na danne dariya cikin mayafi. Da Gwaggo na nan, da ta ce wannan mace ce mai hankali, ba ta manta abin da ya kawo ta ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, yaran da ke tasowa a Madarumfa za su riƙa jin ana cewa "lokacin Gwaggo", ba su san ko wace ce ba. Ni kuwa na san ta ciki da bai, domin yayar mahaifina ce, kuma ita ce ta hana mijina aiki a garin nan shekara da shekaru.

Gwaggo ba ta taɓa riƙe cokalin gini ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ya rasu da wuri, ta riƙe 'ya'yanta da tallan man gyaɗa gida-gida, kuma wannan tallan ne ya buɗe mata ido. Babu tsakar gidan da ba ta shiga, babu ɗakin da ba a ce mata ta shigo ta zauna. Tana auna mai, idonta na kan katanga. Ta tambayi wa ya yi wannan yaɓen, wa ya kafa wannan taga, ta riƙe a kanta. Sannu a hankali ya zama duk wanda zai taɓa gini, ko zai sa rufin tol, wato na kwano, ko zai ja famfo cikin gida, sai ya aiko matarsa wurin Gwaggo a tambayo wa za a kira. Ba ta karɓar komai a kan haka. In ka matsa, sai ta ce ka sayi mai.

Hanyarta ɗaya ce, ba ta duba sabon gini. Takan ce sabon gini ko na malalaci kyau gare shi. Sai an yi ruwa mai ƙarfi, mutane na laɓe a ɗaka, za ka gan ta ta rufa tsohon buhu a kai, ta tattare zane, tana bin lungu cikin taɓo. In ta shiga gida ba ta tambayar maigida, don shi ya kawo maginin, ba zai yarda ya yi kuskure ba. Matar da ke kwana a ɗakin take nema. Ta duba ko an ja gado daga inda yake, ta leƙa ƙarƙashinsa ko akwai kwanon tarar ruwa, ta shafa gindin katanga ta ji ko ya jiƙe. Kafinta kuwa da damina take gane shi, lokacin da katako ya kumbura, ta buɗe ƙofa ta rufe ta ji ko tana gardama. Mai haƙar rijiya sai bazara ta yi tsanani take zuwa ta leƙa aikinsa. Samarin yanzu da ke zuwa suna nuna mata hotunan gine-ginensu a waya, takan kalla ta yaba, ta miƙa musu abinsu, ta ce ruwa ba ya sauka cikin waya, su kai ta gidan.

Kada a ce ma'aikata kawai take tsananta wa. Maigidan da zai bar mutane cikin rana babu hura babu ruwan sanyi, ko wanda zai bari katanga ta kai kafaɗa sannan ya ce ya sake shawara, ko mai wasa da haƙƙin mutane, ba ta sake tura masa kowa. Ko ya aiko matarsa sai ta ce ba ta san mai irin haƙurin da yake nema ba. Akwai wani tsohon magini a wajen Safo, daga gidajen da ke bin addinin kakanni, wanda wasu ke ƙin kira don ba ya salla. Gwaggo ta duba ɗakunansa damina bayan damina, ta dawo ta ce tsakaninsa da Allah ba ita aka ɗora wa ba, ita katanga ta je dubawa, kuma katangarsa a tsaye take. Daga nan aiki bai sake yanke masa ba. Duk kaka sai ya kawo mata wake a ƙwarya, ita kuma ta cika masa kwalba da mai.

To ga inda muka saɓa. Mijina magini ne, ɗan magini. Bayan rasuwar mahaifina ɗakin Inna, mahaifiyata, ya tsage daga sama har ƙasa. Unguwarmu kusa da tafki take, ƙasar na riƙe ruwa, ɗakin da ya tsage ba ya jiran damina ta biyu. Yayana da ke Maraɗi ya ce a rushe a sake, shi zai ɗauki nauyi. Babu wanda ya tsaya tunanin wa zai yi aikin, ga suruki magini a gida. Shi kansa baban yara har ya fara zancen inda zai samo azara. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ina ganin mijina zai fitar da ni kunya a gidanmu.

Gwaggo ta zo da la'asar, ta sami mata cike da tsakar gida ana sussuka, ta ji shirin da ake yi, ta ce ba shi zai yi ba. Na ɗauka wasa take. Na ce, Gwaggo, me ya yi?

Ta ce, "Ɗiyata, uwarki na iya ce mai wanga wuri ya karkace? Tun da kunka yi aure ta taɓa kallon idonshi? In ya shigo zaure, ita ta shige ɗaki. Za ya gina mata abin da ya ga dama, ta ce Allah shi yi albarka, ta kwana cikin ruwa har ta mutu ba ta hwaɗi ba. Ba a ba mutum aiki in ba a iya yi mai hwaɗa."

Da ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma na matsa, na ce ai ya iya aikinsa, ba sai an yi masa faɗa ba. Sai ta ce mijina gaggawa gare shi, ba ya barin ƙasar da aka kwaɓa ta kwana ta nuna, kuma yana kama aikin wani bai gama na wani ba. Ta lissafa gidajen da ta shiga ta ga yaɓensa ya zube. Duk wannan a gaban matan unguwa, taɓarya ta tsaya a hannun kowa. Har yau ina nan kan bakana, da ta ja ni ɗaki ta faɗa mini. Gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta a inda bai kamata ba, kuma na gaya mata haka tun tana da rai.

Kafin magariba labari ya gama gari. Abin da mutane suka riƙe shi ne, ko surukansa sun ƙi ba shi gini. Wanda ya yi masa alkawarin katanga ya ce ya ɗaga tukuna. Wanda ya ce zai yi shago ya daina amsa gaisuwa da kyau. Mijina ba mai yawan magana ba ne, ya shiga gida ya zauna, abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Na ji haushin Gwaggo ƙwarai. Na daina sayen manta, na riƙa aikawa kasuwa, ko da yake na kasuwar bai kai nata ba.

Tsohon nan na Safo aka kira ya yi ɗakin Inna. A nan na ga abin mamaki. Inna, wadda ko akuya ba ta iya kora da ƙarfi, ta ɗauko kujera ta zauna a bakin aiki. Ta ce tagar ta yi sama, ba za ta ga masu shigowa ba. Ta ce indararo kada ya zuba wajen murhunta. Ta ce dokin ƙofa ya yi tudu, gwiwarta ba ta hawa. Tsoho ya yi gardama, ta yi gardama, ya rushe ya gyara yana gunaguni. Wata rana baban yara ya daure ya je gaishe ta, ya tuɓe takalmi a zaure, sai ya jiyo muryarta ta bayan katanga tana ja da magini. Ya tsaya ya saurara, ya mayar da takalminsa ya dawo gida. Abin da ya ce mini kawai shi ne, ashe Inna na da murya haka.

Ya gane, amma ganewa ba ta dawo masa da aiki ba. Da rani ya shiga sai ya ɗaure kayansa ya ƙetare iyaka, ya kama aiki wajen Jibiya a ƙarƙashin wani mai gini da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Haka ya yi ta yi, rani a can, damina a gona, ni ina gida da yara. Yakan dawo hannunsa ya yi kanta, bakinsa ya ƙara nauyi. In ya sami ɗan gyara a gari yana yi da kyau, na sani, don ni ma na koyi shafa gindin katanga. Amma babban aiki ba ya zuwa sai da bakin Gwaggo, ita kuwa in an tambaye ta mijin ɗiyarta sai ta ce ba ta sake ganin aikinsa ba tukuna. Mun shirya ni da ita, don ba a daɗe ana fushi da Gwaggo, za ta zo ta zauna maka a tsakar gida tana ɓare gyaɗa har ka gaji. Sai dai maganar na nan a raina kamar tsakuwa cikin takalmi.

Shekarun baya ƙafa ta fara gaza mata, ta bar talla. Shigifarta, ɗakin ƙasar da take kwana, ta tsufa, azara ta fara lanƙwasa. 'Ya'yanta suka ce za su aiko da siminti da tol. Ta ce siminti ta karɓa don gindin katanga, amma tol su riƙe abinsu, ba za ta soyu da rana ba, rufin ƙasa take so. Duk maginan garin suka zuba ido a ga wanda za ta kira. Sai ta aiko jikarta ta ce tana neman baban yara.

Na riga shi isa. Na ce, Gwaggo, shi ma ai surukinki ne, ina kunyar?

Ta ce, "Na yi tunaninta. Daga hantsi zuwa la'asar magini ne, ban san shi ba, bai san ni ba. In an yi la'asar ya hita ya wanke ƙahwa ya shigo ya gaishe ni."

Haka kuwa aka yi, kuma duk wanda ya gani bai manta ba. Da safe ya shigo da takalminsa, ta zauna a inuwar bishiyar bedi da sandarta, ɗankwali a ture. Ta sa ya haƙa harsashi ya zarce inda ya saba, ta ce nan bakin tafki ne. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ta hana a taɓa, kullum a zuba ruwa a tattake a bari. In ya ce ta yi, sai ta sa a ɗebo mata a hannu ta shinshina, ta ce da saura. Ya ja igiya, ta ce ya sake ja. Ya kawo azarar giginya, ta ƙwanƙwasa kowace da sanda, ta ware waɗanda ba ta yarda da su ba. Muryarta har bakin hanya: kai magini, wanga wuri mi ne ne haka? Shi ma ya koyi mayar mata, in yana da gaskiya ya tsaya a kanta, kuma na ga ranar da ta sauko ta ce to, yi yadda ka gani.

Da an yi la'asar sai ya fita, ya wanke hannu da ƙafa, ya tuɓe takalmi a zaure, ya yi sallama, ya durƙusa can nesa. Ita kuma ta ja mayafi ta rufe kai, ta kau da fuska, ta amsa da ƙaramar murya, tana tambayarsa gajiya da mutanen gida kamar ba ta gan shi ba tun jiya. Matan maƙwabta har leƙe suke zuwa yi.

Ana tsakiyar aikin wani ɗan kasuwa ya same shi ya ce ya zo ya fara masa shago, aikin da ya fi na Gwaggo girma nesa ba kusa ba, irin wanda ya daɗe yana nema. Ya ce masa yana da aiki a hannu, in zai jira to, in ba zai jira ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Mutumin bai jira ba. Ni na ji zafin abin, na kuma tabbata labarin ya kai kunnen Gwaggo, amma ta ci gaba da duba aikinta kamar ba ta ji ba.

Aka gama ɗaki kafin ruwan farko. Na ce to, yanzu sai ta faɗa wa mutane. Ta ce wane irin faɗa, sabon gini ne, a bari damina ta wuce ta kansa. A cikin daminar nan ne ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta likita a Maraɗi aka dawo da ita, abinci ya ragu, murya ta ragu. Tsoro biyu suka kama ni, kuma ba zan ɓoye ba: tsoron rasa ta, da tsoron ta tafi ba ta wanke mijina ba. Domin in ta rasu da bakinta a rufe, abin da garin nan zai riƙe har abada shi ne maganarta ta farko. Na roƙe ta ina shafa mata ƙafa, na ce ruwa ya sauka ya sake sauka, ko ɗigo babu. Ta ce gero bai fitar da kai ba, manyan ruwa na gaba. Ta ce in ta faɗi abin da ba ta gani ba saboda ni, duk sunayen da ta taɓa faɗa sun zama banza.

Manyan ruwan suka zo kuwa. Aka wuni ana yi, tafki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya biyo lunguna har gwiwa. Katangu suka zube a unguwa, ɗakuna suka rufta, Allah ya kiyaye rayuka. Matan maƙwabta suka kwaso yara da buhunan hatsi suka shigo shigifar Gwaggo, har babu wurin taka ƙafa. Tana kwance tana kallon rufi. Can ta ce a ja gadonta a matsar da shi jikin katangar gabas, inda ruwa ya fi duka. Ta miƙa hannu ta shafa daga inda hannunta ya kai har ƙasa, ta duba tafinta, ta mayar cikin mayafi.

Da aka fara yankan gero, masu katangun da suka zube suka taru a ƙofar gidanta, kowa na son ya san wa zai kira kafin a rarrabe maginan. Ba ta iya fita, ta ce a shigo da su, maza da mata, ranar babu zancen kulle. Muka tayar da ita zaune, na tallafe ta ta baya. Mijina na can zaure, ya zo gaisuwar la'asar ya tarar da cika, ya durƙusa bakin ƙofa.

Ta ce, "Kun ga ɗakin ga. Ku taɓa, kowa shi taɓa." Suka taɓa. Ta huta, ta ce, "Wanda ya yi shi, na tsaya kanshi tun daga harsashi, na ga damina ta wuce ta kanshi. Ku tahi wurin mijin ɗiyata. Ban san wanda ya hi shi ba cikin garin ga. Amma shina gama na wani kahin shi kama na wani, sai ku yi haƙuri ku bi layi."

Ban ga fuskarsa ba, na dai ji mutane na ce masa ya tashi, ya ƙi tashi. Ni kuwa hawaye suka zubo mini a kan kafaɗarta, ta ɗan juyo ta ce in daina jiƙa mata mayafi, ɗakin bai jiƙa ta ba sai ni.

Ba ta ga ƙarshen kaka ba. Ta cika da rana tsaka, a ɗakinta, da kalmar shahada a bakinta. Yau baban yara ba ya ƙetare iyaka, yana kwana a gidansa, mutane na jiran sa kamar yadda ta ce su jira, kuma in ya shiga gida aiki yakan fara tambaya wace ce za ta kwana a ɗakin, a kira ta ta zauna ta faɗi abin da take so.

Gwaggo, kin ɓata mini rai, kin kuma faranta mini fiye da yadda kika ɓata. Allah ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya makwancinki, ya ba ki ɗaki a Aljanna wanda za ki duba sama da ƙasa ki rasa abin gyara.